Ranar da Inna Mai Guga Ta Ƙi Tashi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Shugaban wannan taro, dattijon unguwarmu. Limamanmu da malamanmu, da shugabannin coci da suka tako suka zauna tare da mu. Wakilin hukumar ruwa, wanda na ga an ba shi kujera a sahun gaba, sannu da zuwa ranka ya daɗe, kuma ina roƙon kada ka tashi sai na kai aya. Lauyoyin da suka tsaya mana. Shugabannin kasuwa da na masu sana'a. Baba Mai Faci, mijin marigayiya. 'Ya'yanta, Dogo da Auta. Iyayenmu mata da suka cika wannan fili har bakin titi. 'Yan'uwa maza da mata, assalamu alaikum.

Ni ba gwanin magana ba ne. Ni mai kemis ne, shagona shi ne wanda yake kallon famfon unguwa, kuma mafi yawanku kun taɓa zama a kan bencina. Da kwamiti ya ce ni zan yi wannan jawabi na nemi a ɗauke mini, sai dattijo ya ce, "Kai ka ɗinke raunukan, kai za ka faɗi yadda aka yi su." Saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa. Wanda ya zo yana jiran magana mai sanyi, ya yi mini afuwa tun yanzu.

Mun taru ne saboda matar da duk unguwa take kira Inna Mai Guga. Yara da yawa sun ɗauka gugan rijiya ake nufi. A'a, gugar kaya ce. Wanki da guga ne sana'arta tun kafin a haifi Dogo. Rigunan da rabin mazan da ke zaune a nan suka sa ranar aurensu, ita ta goge su.

Ta kasance mace mai ƙarfin hannu. Sabulu ya cinye faratanta, tafin hannunta ya yi kanta, in ta gaisa da kai sai ka ji kamar ka kama itace. Ta kasance mai murya. In ta ƙwala wa Dogo kira daga bakin famfo, har na cikin kasuwa sai sun waiwaya. Ta kasance mai faɗa. Kada wani ya tashi daga nan ya ce mai kemis ya ce Inna mai sanyin hali ce, don da za ta ji, da ita za ta fara ƙaryata ni. Babu wanda ya naɗa ta, amma ita ce mai kula da layin famfo. Mai ciki ta wuce gaba, tsohuwa ta wuce gaba, kowa kuma ya bi layi. Ƙato ya zo da ƙarfinsa ya tura jarkarsa gaba, sai ya ga jarkar tana gangarawa cikin kwata.

Wata rana Baba Mai Faci ya leƙo daga rumfarsa ya ce mata, "Ke wai ba kya gajiya da faɗa?"

Ta ce, "Malam, kai kana toshe hudar taya, ni ina toshe bakin marasa kunya. Kowa da irin facinsa."

Haka muke zaune har aka gina kamfanin nan na ruwan roba a bayan unguwa. Kun san yadda abin ya faro. Aka haƙa titi, aka binne sabon bututu mai kauri, aka ce gyara ake yi mana. Da aka gama gyaran, famfonmu ya fara tari. A murɗa shi, ya yi gurnani, ya tofo iska da tsatsa. Daga baya ko tarin ma ya daina. Sai ga tankoki suna shigowa unguwa suna sayar mana da ruwa, kuma daga ƙofar kamfanin suke fitowa. Ruwan da yake zuwa famfonmu jiya, shi ake kawo mana yau a mota a ce mu saya. Wanda ba shi da hali ya koma kududdufin da ke bayan katangar kamfanin, inda suke sako dattinsu.

Mun je hukuma. Mun zauna a kan benci a baranda tun safe har a tashi aiki. A ce mai sa hannu ya fita, a ce ya tafi taro, a ce mu dawo. Mun dawo har masu shara suka san fuskokinmu.

Sai yara suka fara gudawa da amai. Ni na san gidajen, don gidan da ya kamu shagona yake fara zuwa. Wata la'asar Auta ta faɗo shagon da gudu, ba mayafi, 'yarta a kafaɗa. Jikin yarinyar ya saki, idanu sun faɗa. Na ɗauko garin gishiri da sukari zan haɗa mata, na duba shagon babu ruwan da zan yarda in ba jariri, sai robar ruwan kamfanin da ke kan kantar shagon. Da ita na haɗa. Yarinyar ba ta iya haɗiyewa ba. Aka ɗora su a babur zuwa asibiti, ba su kai ba.

Wannan ita ce jikar Inna ta fari. Duk zaman makokin ban ga hawaye a idonta ba. Ta zauna a bakin ƙofa tana amsa gaisuwa, muƙamuƙinta yana motsi.

Da aka share makoki, ta tattara 'yan rigunan yarinyar da zannuwan goyonta ta zuba a baho, ta ɗora a ka, ta nufi ƙofar kamfanin. Ga wanda bai san wurin ba: a bakin ƙofar suke wanke motocinsu da tiyo, ruwa fari tas yana malala a siminti yana gangarawa kwata, wuni guda. Inna ta ajiye bahonta a inda ruwan yake gangarowa, ta tara, ta tsuguna ta fara wanki.

Mai gadi ya fito ya ce, "Ke tsohuwa, me kike yi a nan?"

Ta ce, "Ba ka da ido? Wanki."

Ya ce, "Wannan ruwan kamfani ne."

Ta ce, "Wanda ke gudu a kwata? To tare shi ka mayar musu."

Ya koma ya kira shugabansu, wani mai ƙaton ciki da kuka sani. Shi bai tsaya magana ba. Wayar lantarki ce a naɗe a hannunsa, ya warware ta ya zabga mata a gadon baya. Ta ci gaba da cuɗa riga. Ya ƙara, ya ƙara, har rigarta ta tsage. Ya sa ƙafa ya kifar da bahon. Ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya ta tsince su daga ƙasa, ta matse, ta shanya su a kan wayar ƙayar da ke saman shingensu. Sannan ta ɗauki bahonta ta taho shagona da ƙafarta, jini yana bin zaninta har dunduniya.

Na ga gadon bayan nan nata. Fata ta dare kamar an sa reza. Na ce, "Inna, wannan aikin asibiti ne."

Ta ce, "Likitan unguwa, in ba ka iya ba ka faɗa, in kira tela. Ɗinke da kyau, gobe ma da aiki."

Washegari ba ita kaɗai ta tafi ba. Mai sayar da gawayi ta bi ta, matar mahauci ta bi ta, matan gidan haya na bayan makaranta suka fito gaba ɗaya, kowa da bahonta da kayan yaranta. Kafin mako ya zagayo, shingen kamfanin ya rufe da tufafin yara daga wannan kusurwa zuwa waccan, har na waɗanda muka binne. Duk motar da ta wuce sai ta rage gudu. Masu ɗaukar hoto suka fara zuwa.

Kamfani ya amsa da karnuka. Na ga kare ya kama ƙaurin mai gawayi ya ƙi saki, ana dukansa da baho yana girgiza kai, sai da ya tafi da tsoka. Na ga an fasa wa matar mahauci baki da gora, haƙoranta a tafin hannunta ta kawo mini. Na ga mai gadi ya taka hannun wata tsohuwa da takalminsa na ƙarfe yana murzawa. Zaren ɗinki ya ƙare a shagona, audugata ta ƙare, muka koma yaga tsofaffin zannuwa muna tafasawa. Kuma kowace safiya, in na buɗe shago, zan gan su suna wucewa a jere, masu bandeji a ka, masu ɗingishi, Inna a gaba.

Mu maza, a faɗi gaskiya, kunya ce ta fito da mu. Inna ta tsaya a bakin rumfar mai shayi inda muke zama ta ce, "Tunda ba za ku iya tsayawa a ƙofa ba, ƙasa fa? Ita ma tsoronta kuke ji? Ku haƙa mana rijiya."

Muka haƙa. A filin da ke bayan makaranta muka haƙa, birkila ya ja gaba, makaniki da mahauci da malamin makaranta suna karɓa-karɓa da diga, mata suna kwashe ƙasa da bokiti. Ranar da digar ta fito da laka mai danshi, wallahi na ga dattawa suna rungume juna. Aka ɗaure ta da siminti, maƙeri ya yi mata murfi. Tankoki suka rinƙa shigowa unguwa suna fita da ruwansu, ba mai saye.

Ba su bar mu mun sha da daɗi ba. Da rana tsaka, lokacin maza suna wajen nema, wata motar ɗaukar kaya ta tsaya a bakin filin. Ƙarti suka diro da guduma da adda da gora, da jarkokin baƙin mai. Suka kori matan da ke ɗiba, suka farfasa murfin da bakin rijiyar, suka tuttula man a ciki. Baba Mai Faci ne namijin da ya fi kusa. Ya taho da ƙarfen cire taya a hannu, dattijo da shi, ya shiga tsakiyarsu. Suka haɗu a kansa. Ga shi nan zaune, ku dubi idonsa na hagu. A wannan fili ya bar shi.

Inna ta fito daga gida da dutsen guga a hannu, da garwashinsa a ciki. Wanda ya ɗaga gora zai ƙara wa Baba, ta sauke masa dutsen a kafaɗa. Ƙararsa ce ta tara unguwa. Mutane suka ɓullo ta kowane lungu, ƙartin suka haye mota suka tsere, suka bar wannan ɗaya a ƙasa.

Abin da ya biyo baya, dole in faɗe shi, don namu ne. Samarinmu suka rufe shi da duka. Da na iso, fuskarsa ba ta ganuwa don jini. Wani ya gangaro da taya daga rumfar Baba, aka rataya masa a wuya. Wani ya zuƙo fetur daga babur. Dogo ne yake riƙe da ashana. Dogo, ka yi haƙuri, kowa ya gani, kuma babu wanda ya ga mahaifinsa kwance cikin jini da zai ce bai fahimce ka ba.

Inna ta ratsa taron. Ita da ta ƙona mutumin nan da hannunta yanzu-yanzu, ita ce ta tsaya a kansa. Ta ɗauke Dogo da mari, marin da na ji daga inda nake tsugune a kan Baba.

Dogo ya ce, "Inna, idon Baba fa!"

Ta ce, "Na gani. Mijina ne kafin ya zama ubanka. In ka ƙona wannan, gobe a ce unguwar makasa ce, a zo a kwashe ku, wa zai tsaya a ƙofa? Wa zai gyara rijiyar? Cire masa tayar. Shi ya zuba, shi zai kwashe."

Aka cire tayar. Aka wanke masa fuska, na ɗaure masa kafaɗa, aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka zura shi cikin rijiyar da bokiti. Yana kwasar baƙin mai yana miƙowa, yana kuka yana kiran uwarsa, har rana ta yi sanyi. Da aka fito da shi, Inna ta miƙa masa kofin ruwa daga randarta. Ta ce, "Sha. Ka je ka faɗa wa wanda ya aiko ka abin da ka gani." A gaban shaidu ya faɗi wanda ya aiko su, kuma lauyoyinmu suna nan, sun ji da kunnensu.

Ta kasance mai zafin zuciya, amma zafin bai taɓa rufe mata ido ba. Ta kasance in ta daki mutum ta san dalili, in ta hana a dake shi ta san dalili. Ta kasance ba ta aika kowa inda ita ba ta fara sa ƙafa ba.

Rijiyar ba ta koma daidai ba. An kwashe, an sake kwashewa, ruwan yana nan da warin mai. Sai Inna ta ce wanki a ƙofa ya ƙare, yanzu zama za a yi. Tanka ba za ta fita ba sai an buɗe mana bututunmu.

Ran nan da hantsi muka je, maza da mata. Matan suka kife bahunansu a bakin ƙofar suka zauna a kai, sahu-sahu, Inna a tsakiyar sahun gaba. Mu maza muka tsaya a gefe, ni da jakar magani. Tankoki suka yi layi a ciki, injuna suna ruri. Aka kira 'yan sanda. Babbansu ya yi magana da lasifika ya ce a watse, babu wanda ya motsa. Suka harba barkonon tsohuwa. Hayaƙi ya turnuƙe, yara suna ihu, mutane suna faɗuwa suna tari, kulake suna sauka a kan duk wanda aka samu. Sahun baya ya watse. Sahun gaba bai watse ba. Sun jiƙa mayafansu sun rufe hanci, sun sarƙe hannuwa.

Aka buɗe ƙofar. Tankar farko ta matso har inuwarta ta rufe su. Direban ya danna ham. Ina jin muryar Inna cikin hayaƙin tana cewa, "Kada wadda ta tashi! Tsoratarwa ce!"

Direban ya tsaya. Na rantse da Allah ya tsaya, na ga ya ɗaga hannuwansa daga sitiyari. Sai shugaban masu gadin nan, mai wayar lantarki, ya taka matakalar motar, ya buga ƙofar da tafin hannu ya ce, "Taka! Za su tashi!"

Motar ta zabura. Inna ta ga ba tsayawa za ta yi ba. Ta fizge hannuwanta, ta hankaɗe ta damanta, ta hankaɗe ta hagunta, matar mahauci da wata yarinya mai ciki, suka faɗa gefe. Ita ba ta samu ta miƙe ba. Na ji ƙarar bahon da ya murƙushe. Sauran ba zan faɗa a gaban 'ya'yanta ba.

Wakilin hukuma, ranka ya daɗe, an ce a rediyo wai birki ne ya ƙi. Ina wurin. Tsakanina da tayar bai fi daga nan zuwa kujerarka ba. Birki bai ƙi ba.

Da na isa kanta tana numfashi. Na buɗe jaka, na duba, na rufe, don babu abin da ke cikinta da zai yi amfani. Ta kama rigata ta ce, "Mai cikin fa?"

Na ce, "Ta tsira, Inna."

Ta ce, "To." Sannan ta ce, "Ka ce wa Malam kayan mutane suna kan igiya, a kwashe, kada rana ta cinye su."

Na yi mata kalmar shahada, ta amsa, leɓɓanta suna motsi. A kan cinyar mai gawayi ta cika.

Ba zan ɓoye abin da ya faru bayan nan ba. Unguwa ta haukace. An ƙona tankoki, an farfasa ɗakin masu gadi, an jefi 'yan sanda, su kuma suka buɗe wuta. Ɗan birkila yana kwance a asibiti har yau, likitoci suna ƙoƙarin ceto ƙafarsa. Samarinmu da dama suna tsare. Wadda za ta ratsa taro ta hana, ita ce take kwance an rufe ta da mayafi.

Muka kai ta gida. Matan da za su yi mata wanka suka leƙa randa, babu ruwa. Rijiya tana warin mai, famfo a bushe, tankoki suna cin wuta. Auta ta fito tsakar gida ta ce, "Ko da akwai na sayarwa, wallahi ba za a wanke uwata da ruwan mutanen nan ba." Babu wanda ya yi shela. Magana ce kawai ta bi gida-gida. Sai ga mutane suna shigowa, wannan da buta, wannan da kofi, wannan da ɗan kwano, ruwan sama da aka tara aka ɓoye don sha, abin da kowa ya rage wa yaransa. Wata tsohuwa makauniya aka jawo ta da moɗa rabi, tana tafe tana tare bakinta da hannu kada ya zube. Aka rinƙa juyewa a baho har ya cika. Da wannan aka wanke Inna Mai Guga, matar da ta yi rayuwarta tana wanke wa unguwa kaya.

Bayan an binne ta, da hotuna suka bazu, sai ga ma'aikata sun zo sun buɗe wani ƙarfe a bakin titi, aikin da bai kai tsawon shan shayi ba. Famfonmu ya kawo ruwa. Ashe abin da ake ce mana sai an yi taro, sai an sa hannu, sai an kawo kaya daga waje, murɗawa ɗaya ce.

Ranka ya daɗe, na ji an ce hukuma ta tausaya mana. Ka koma ka faɗa musu ba mu karɓi wannan ruwa a matsayin kyauta ba, kuma ba za mu yi godiya a kansa ba. Namu ne aka ɗauke, aka dawo da wani sashe bayan an zubar da jini. Da safe kawai yake zuwa, layukan bayan kasuwa har yanzu ba su gan shi ba. Muna son ya isa kowane layi, kuma a rubuta a sa hannu a gaban lauyoyinmu cewa ba za a sake karkatar da shi ba. Muna son a sako 'ya'yanmu. Direban ya gudu, amma wanda ya buga ƙofar motar ya ce a taka yana nan, an ce wani reshen aka mayar da shi. Muna son ganinsa a gaban alƙali. Mu da muka ji muryarsa muna da yawa, kuma ni ne farkon wanda zai tsaya ya ba da shaida.

Baba Mai Faci, me za mu ce muku? Kun ba da ido, kun ba da jika, kun ba da abokiyar zama. Mun ga kun koma rumfa kuna aiki, kuna ɗaga kai duk lokacin da aka ɗaga murya a bakin famfo. Mu ma haka muke yi. Ku sani ba ku kaɗai ba ne a gidan nan. Ƙofarku ƙofarmu ce, kuma duk wanda ya sha ruwa a unguwar nan ɗanku ne.

Auta, ƙanwata, ke kika rasa 'ya kika rasa uwa a kan abu ɗaya. Matan unguwa sun gaya mini tun da famfo ya dawo ke kike fitowa kina tsayar da layi, kuma wai jiya kin gangarar da jarkar wani ƙato. Allah ya ƙara miki ƙarfi. Ki dai rinƙa sassauta murya kaɗan, masu jinya suna kwance a shagona.

Dogo. Dube ni. Na san abin da ake zuwa ana raɗa maka. Na san akwai masu cewa sun san gidan mutumin nan, sun san hanyar da yake bi. Ba zan ce maka ka huce ba, don ni ma ban huce ba, kuma ba na so in huce. Amma mahaifinka ido ɗaya ya rage masa, kuma da shi yake duban hanya yana jiran shigowarka. Kada ka sa ya ƙare kwanakinsa yana kai maka abinci gidan yari. Muna buƙatarka a kotu, a sahun gaba, ranar da za a karanta wa mutumin nan abin da ya aikata. Muna buƙatarka da diga, don kwamiti ya yanke za a haƙa sabuwar rijiya, kada mu sake dogara da bututun da wani yake riƙe da makullinsa. Samarin nan kai suke kallo. Inda ka sa ƙafa nan za su sa.

A madadin iyali da kwamiti, ina godiya ga duk wanda ya tako. Mun gode wa ma'aikatan asibiti da suka karɓi mutanenmu ba tare da tambaya ba. Mun gode wa lauyoyi, da maƙwabtan unguwanni da suka rinƙa turo mana ruwa a baro lokacin da muke cikin tsanani. Mun gode wa iyayenmu mata. Ku kuka sha bulala, ku kuka sha cizo, ku kuka zauna a gaban mota. Mu bayanku muka bi, kuma ba ma jin kunyar faɗa.

Ku ɗaga hannu mu yi addu'a.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo gare ka da rauni a jikinta. Ka gafarta mata, ka yafe mata zafin harshenta, ka karɓi shahadarta. Ka yalwata kabarinta, ka haɗa ta da jikarta da sauran yaran da muka binne. Ka ba mijinta da 'ya'yanta haƙurin da ba mu da ikon ba su. Ka tashi kafaɗun majinyatanmu, ka kuɓutar da waɗanda ke tsare. Ka riƙe hannun samarinmu daga abin da zai sa su nadama, ka kuma hana zukatanmu yin sanyi har sai an yi adalci. Wanda ya zalunce mu, ya Allah, ka fi mu saninsa.

Ya Allah, ta bar duniya da hayaƙi a maƙogwaronta, ba mu samu ko ɗigon da za mu jiƙa mata leɓe ba. Ka shayar da ita daga tafkin Manzonka, shan da babu sauran ƙishirwa bayansa.

Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.